Rabin Koyil a Ɗakin 'Yan Tsaki

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Ni ne Injiniya Alhaji Dokta, Babban Mai Duba Wutar Lantarki na Azuba da kewaye har zuwa Obi. Mutanen Awe ma sun aiko in karɓe su, ban ba su amsa ba tukuna. Na buɗe wannan littafi ne don na baya su san yadda aka gudanar da aiki a zamanina. Ofishina yana ƙuryar tsakar gida, tsakanin ɗakin kaji da rijiya. Kujerata bokitin fenti ne da aka kife. Hular kwanon nan ruwan ɗorawa ta ɗan yi mini yawa, don ta mataimakina ce, Tahir, wanda ya riga ni zuwa duniya da shekara tara, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi hutu.

'Yan tsaki sun iso yau, ɗari biyu. Tahir ya yi odarsu tun kafin waccan Larabar. Mai motar bai san komai ba, ya sauke kwalaye ya ce ina oga. Anti Bilkis, matar Tahir, ta juya ta shige ɗaki. Na ce masa ga oga a gabanka. Ya dubi hular, ya dubi silifas ɗina, ya tada mota.

Talata, bayan La'asar

Tahir ya gama shirya ɗakin kafin ya tafi. Ya shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa, ya rataye rumfar kwano, a ƙarƙashinta koyil biyu irin na rishon lantarki, kowanne da filoginsa. Su ne za su zama uwar 'yan tsakin har su yi gashi.

Na jona. Ba su yi ja ba.

Tun waccan Larabar da taransifomarmu ta yi abin da ta yi, an ɗaura layinmu a ta unguwar gaba, wutar kuma kafin ta iso mu ta gaji. Ƙwan fitilar ɗakin kaji ja yake kamar garwashi mai shirin mutuwa. Na sa mitar Tahir a soket, ta nuna ɗari da goma sha biyar. Da can ɗari biyu da talatin take nunawa. Rabi ke nan ya tafi, sai na ce to rabin zafi ya rage. Amma na kai tafin hannu kusa da koyil na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ɗumin bai fi na numfashin akuya ba. Wannan bai kai rabi ba. Wani yana cin sauran a hanya, zan kafa kwamiti.

Ana ruwa. Sun dunƙule a lungu, suna hawan juna.

Laraba, 6, da safe

Anti Bilkis ta hura gawayi a kasko ta kai musu. Gawayin jiƙaƙƙe ne, ɗakin kuma ba taga. Bakwai sun mutu. Na haƙa rami bayan rijiya. An soke gawayi.

Laraba, bayan Azahar

An kira daga asibiti. Inna ce ke riƙe wa Yaya Tahir wayar. Bai tambayi shago ba, bai tambayi babur ba.

"Sun iso?"

"Sun iso, Yaya."

"Suna ci?"

"Kamar 'yan biki."

"Ashemi, kar ka bari su mutu. Ka ji ni? In dawo in same su."

Ashemi suna ne da nake amfani da shi in na ɓad da kama. Ban gaya masa bakwai ɗin ba.

Alhamis, 7, da hantsi

Biyu kuma.

Na tuna wani bayani da mataimakina ya taɓa yi mini a shago, ranar da na ce ban ga abin da ke sa waya zafi ba. Ya ce ka tuna zauren Malam Ya'akubu in an tashi karatu? Bulalar Malam ita ce boltej, ita ke turo ku daga baya. Yawan yaran da ke kutsawa ta zauren shi ne karent. Tsawon zauren da ƙuncinsa shi ne resistan, shi ke hana ku wucewa da sauri. Gumin da kuke yi kuna gogar bango kuna gogar juna, shi ne zafin, shi ake aunawa da wat. Na ce to ni ne wanda ke sa wa yara ƙafa a tsakiyar zauren. Ya ce kai ne fiyus, kullum kai ake fara duka.

Yanzu bulala ta yi sanyi, ba ni da ikon ƙara mata ƙarfi. Amma zaure a hannuna yake. In na gajarta shi, yara da yawa za su wuce.

Na zare filogi, na ɗauki filaya, na raba kowane koyil biyu, na miƙa rabin ya cika mazauninsa, na ɗaure. Na jona.

Sun yi ja. Ba ja sosai ba, amma ja.

Juma'a, 8, bayan masallaci

Sun baje ko'ina, suna tsattsaga, wasu sun miƙe ƙafa suna barci kamar 'yan kasuwa da rana. Babu wanda ya mutu. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a tarihin Azuba.

Guntayen koyil biyun da suka rage na haɗa su, na yi musu kai da baƙin salatif, na kwantar a kwandon albasar Anti Bilkis. Ta yi ihu har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Ta kwashe macijin da tsintsiya ta watsa a masai, sannan ta biyo ni da muciya tana cewa Allah ya shirye ka, ƙanin miji. Ta yi dariya kaɗan. Daga nan ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da gefen zani, na koma ofis.

Asabar, 9, da rana

Suna ya fita. Mama Doosuur, maƙwabciyarmu mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi, ta shigo da rishonta a ka.

"Ashemi, an ce ka na yi magic. Wannan risho na, tun safe wake yana ciki ruwa yana yi wanka, bai dahu ba."

"A ce Injiniya, Mama."

"Injiniya na kaza. Gyara mini, abeg."

Na raba nata ma biyu. Da yamma ta aiko da kwano cike, har da kifi. Ta tambayi jikin Yaya ta katanga. Anti Bilkis ta ce da sauƙi.

Lahadi, 10

Ruwa. Ƙwan fitila ja.

Litinin, 11, bayan Azahar

Unguwa ta yi shiru da yawa, kuma alhakin walwalar jama'a yana wuyana. Na hau katanga na cika baki na ce, "Wuta ta cika! Wuta ta cika!" Mata suka fito da dutsen guga, Bukar mai aski ya kashe janaretonsa a tsakiyar kan wani bawan Allah, wata ta zuba tumatir a bilenda. Ƙwai yana nan ja.

An zage ni da harsuna huɗu, na ƙirga: Hausa, Tibi, Eggon da Turancin kasuwa. Ni kaɗai na yi dariya. Yaya ne mai taya ni irin wannan dariyar, yana yi yana cewa ba kyau.

Talata, 12, bayan Magariba

Inna ta ce gobe za a shiga da Yaya ɗakin tiyata. Na tambaye ta ko suna samun abinci mai kyau a can.

Na wanke takalmin robarsa na aiki. Ƙafa ɗaya ce. Ɗayar ba a gan ta ba tun ranar.

Laraba, 13

Ba a kira ba.

Alhamis, 14, da hantsi

An kira. Anti Bilkis ta amsa a ɗaki, ta tura ƙofa. Da ta fito sai ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Ban tambaya ba.

'Yan tsaki sun fara fitar da gashin fiffike. Akwai wani mai baƙin ɗigo a ka da ke tsokanar kowa, ya tsattsagi wannan ya ɓuya bayan wancan. Na naɗa shi Mataimaki na Biyu.

Juma'a, 15, bayan La'asar

Mai unguwa ya sanar a masallaci cewa sabuwar taransifoma za ta iso mako mai zuwa. Aka yi kabbara. Wasu suka juyo suka dube ni, suka sunkuyar da kai.

Da na dawo na tarar da Oliver a ofishina, ɗan Mama Doosuur da ke makarantar koyon sana'a, ya zo hutun ƙarshen mako. Ya zauna a kan kujerar Injiniya ba izini.

"Wa ya yanka koyil na Mama?"

"Hukuma."

"Hukuma zai ƙona mana gida. Na ɗakin kajin ma ka yanka?"

"Ka leƙa ka ga yadda suke ƙiba."

Ya ɗauki tsinke ya yi zane a ƙasa. Ya ce zafi boltej ne sau karent. In boltej ya ninka a kan waya ɗaya, karent ma ninkawa yake, saboda haka zafin biyu sau biyu ne, huɗu. Na ce a yi mini da Hausa. Ya ce da Hausa ya yi.

Sai da ya tafi na mai da shi zauren Malam. Bulala ta ninka, yaran da ke kutsawa sun ninka, kowane yaro kuma da ƙarfin mutum biyu yake gogar bango. Shi ya sa ran Talata da wuta ta zama rabi, kashi ɗaya cikin huɗu na zafin ya rage mini. Ba wanda ya ci komai a hanya. An rusa kwamiti.

Wato ranar da wuta ta cika, abin da ke rataye a kan 'yan tsakin nan zai yi huɗun zafin da yake yi yau. A ƙasa kuma ɓuntu ne, busasshe.

Asabar, 16, da hantsi

Injiniya ba ya karɓar maganar ɗalibi sai ya gwada. Rabin koyil ɗin Mama Doosuur da ya rage yana wurina. Na kai shagon Bukar, janaretonsa cikakkiyar wuta yake bayarwa. Na ɗora a kan bulo, na jona daga nesa.

Ja. Ruwan lemo. Daga nan fari, har ido ba ya son kallo. Ya yi tas, ya tsinke, wani guntu ya faɗa cikin gashin da aka share a ƙasa. Warin ya kori mutum biyu daga layi. Bukar ya ce in na sake taka masa shago zai aske mini gira.

Lahadi, 17, bayan Azahar

Na je na gaya wa Mama Doosuur ta daina jona rishon in an ɗauke wuta sai ta ga kalar ƙwai.

"Kai da Oliver duka ɗaya. Kuna so in koma itace, ido na ya yi ja. Ran Monday ba kai ya ce wuta ya cika ba? Tafi, joo."

Na dawo na gaya wa Anti Bilkis. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ashemi, ba ni da ƙarfin wasa yau."

"Wallahi, Anti."

Ta ɗago. Ta ce tunda ta zo gidan nan ba ta taɓa jin na rantse ba tare da ina danne dariya ba. Ta tambaye ni ina guntayen da na yanke, a mayar. Na nuna mata masai.

Ta kira asibiti da kanta. Muryarsa ta yi ƙasa, yana magana yana hutawa. Na faɗa masa komai, har tara ɗin da ke bayan rijiya. Bai yi faɗa ba.

"Rabi biyu gare ka. Ka haɗa wutsiyar na farko da kan na biyu, filogi ɗaya. Wuta ta bi wannan ta fita, ta shiga wancan. Zaure ya koma tsawonsa. In ta cika, zafin zai zo daidai da wanda suke samu yanzu."

"In haɗa yau?"

"In ka haɗa yau kashi ɗaya cikin huɗu za su samu, sanyi ya kwashe su. Sai ta cika."

"Yaushe za ta cika?"

"Ka zauna ka kalli ƙwai. Da an ɗauke, ka zare filogi. In ta dawo ja, ka mayar. In ta dawo fari, ka haɗa. Wurin ɗaurin fa sai ka matse, ka ga, kamar haka za ka riƙe..."

Bai ƙarasa ba. Na jira. Inna ta ce kati ya kusa ƙarewa, alhali mu muka kira.

Litinin, 18

Na dawo da ofis bakin ƙofar ɗakin kaji. Filaya, sukundireba da guntun waya suna cikin aljihu. An ɗauke, na zare. An kawo, ja, na mayar.

Talata, 19, da yamma

An kawo taransifomar a babbar mota, an sauke, an tafi. Yara sun ce sabuwa ce fil, an ɗora ta a mazaunin tsohuwar. Suka ce in zo in gani. Na ce Injiniya ya ga irinta dubu. Ba na bin ta wannan hanyar, ta bayan injin shinkafa nake zagayawa.

A rayuwata ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba. Malam Ya'akubu ya yi shekaru yana nema da bulala bai samu ba, ga ƙwan fitila ya samu a banza.

Ja.

Laraba, 20, bayan Azahar

Na shiga wanka, sabulu a ido, sai na ji ana ihu a bayan katanga: "Wuta ta cika! Wuta ta cika!" Na fito da kumfa, ɗaure da buhun abincin kaji, na yi tuntuɓe da kujerar ofis, na faɗa ɗakin na fizge filogi biyun.

Ƙwai ja.

Kawuna shida a kan katanga, har da na Bukar, babba da shi. Sun yi aikin da kyau, ba ni da abin cewa. Lokacin da suka zaɓa ma daidai ne.

Inna ta kira. Gobe za a sallame su.

Alhamis, 21, da hantsi

Anti Bilkis ta tafi tasha tarbarsu, ta sa atamfar Sallah. Ta ce in zo mu tafi, a kashe koyil na ɗan lokaci. Ana yayyafi, iska tana shigowa ta ƙasan ƙofa. Na ce Injiniya ba ya barin bakin aiki. Ta ce to. Ina jin ta gane ba don wannan ba ne kawai.

Masu aiki suna wurin taransifoma tun safe. Ja.

Alhamis, bayan La'asar

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

An ɗauke wuta. Daidai lokacin na ji keke ya tsaya a ƙofar gida, na ji muryar Inna tana cewa a hankali, a hankali. Doka ta ce in zare filogi. Ban zare ba. Na tsinci kaina a zaure, sannan a waje.

Inna ta fito. Anti Bilkis ta fito da jaka. Yaya yana ciki, ya zuro ƙafa ɗaya, ya ɗago ya gan ni da hularsa. Ya rame. Ya buɗe baki zai yi magana.

Sai unguwa ta ɗauka gaba ɗaya: "Wuta ta cika!"

Na tsaya. Jiya ma haka suka ce. Amma na hango ƙwan da ke ƙofar shagon Bukar, fari tas da rana tsaka, fankarsa tana juyi kamar za ta tashi da rufin.

Ban gaishe shi ba. Na juya masa baya na ruga.

Ɗakin ya yi haske irin wanda ban san shi da shi ba. Koyil biyun sun wuce ruwan lemo. Ɗaya ya riga ya zubo da wani abu, ɓuntu yana hayaƙi, wuta ta buɗe kamar faɗin faranti tana ci. 'Yan tsakin sun manne da bango suna ihu. Na fizge filogi biyun. Takalmin robar nan ƙafa ɗaya yana bakin ƙofa, da shi na dinga bugun wutar, sannan na juye ruwan shansu a kai.

Uku. Mataimaki na Biyu ba ya ciki, gefen fiffikensa ne kawai ya babbake.

Koyil ɗin ba su tsinke ba, bakin ɗaya ne ya narke kaɗan. Na jira suka huce. Na durƙusa da filaya, amma wayar ta ƙi shiga rami. Sai haske ya ragu a ƙofa.

"Ba nan ba. Wutsiyar na hagu."

Ban juya ba. Na kama wutsiyar na hagu.

"Kankare bakin tukuna, ya yi baƙi. Yawwa. Sa. Matse. Ƙara. Ashemi, ƙara, ba kunnen yaro kake murɗawa ba."

Na ƙara. Na jona filogi ɗaya. Suka yi ja, ja mai hankali, suka tsaya a nan.

Ya shigo ya durƙusa kusa da ni. Hannun rigarsa na dama an naɗe shi an maƙale da fil. Ya miƙa na hagu ƙarƙashin rumfar, ya juya tafin sama da ƙasa.

"Ya yi," in ji shi. "Nawa suka rage?"

"Ɗari da tamanin da takwas."

"Wanne ne shugabansu?"

Na nuna masa mai baƙin ɗigo. Ya ce da gani ɗan gidanmu ne.

Daga bayan katanga muka ji tas, sannan Mama Doosuur tana kiran Yesu, tana kiran Oliver, tana kirana. Warin wake ya biyo baya. Yaya ya dube ni. Na dube shi. Ya ce ba kyau, ba kyau, kafaɗarsa tana girgiza, har Inna ta leƙo ta ce a bar shi haka kar ɗinki ya buɗe.

Juma'a, 22, da hantsi

Ƙwai fari. 'Yan tsaki suna ci. Masu dubiya sun cika zaure, ana miƙa hannu ana janyewa, shi kuma yana ba su hagu yana cewa a yi haƙuri da wannan.

Mama Doosuur ta shigo da rishonta a ka, baƙi ƙirin, ta gaishe shi har da hawaye, sannan ta share ido ta ce ina Injiniya. Yaya ya ce wane Injiniya? Ta ce wanda ya kashe mata wake. Ya ce a gidan nan bai san da wani Injiniya ba, amma ta bar rishon, gobe za a buɗe shago, akwai mai riƙe masa filaya.

Tunda an kai nan, gara in faɗa kafin a kai ƙara wurin mai unguwa. Babu Alhaji, babu Dokta, mutanen Awe kuma ba su taɓa jin labarina ba. Wanda ya rubuta wannan Ashemi ne, ƙanin Tahir mai gyaran risho da dutsen guga, ɗalibin Malam Ya'akubu da ya tsaya a izu ashirin saboda dariya ta yi masa yawa, bokon ma a waya ya tsince shi. Littafin na rasit ɗin shago ne, ta baya na fara. Hular ta Yaya ce. Na kai masa ɗazu, ya ce in riƙe, in cusa tsumma a ciki don ta zauna.